Turmin Tagulla a Kunnen Ziyad

Ranar Juma'a a gidan Hajja Fauziyya ba a tambayar kowa ko yana jin yunwa. Da an sauko daga masallaci, duk wanda ke cikin benen nan mai hawa uku da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Damanhur, a ƙasar Masar, sai ya zo ya zauna a teburinta, ko da zazzaɓi yake yi. Ita ce a hawan ƙasa. Babban ɗanta Midhat da matarsa Hiba suna na tsakiya, ƙaramin kuma, Ashraf, shi da matarsa Narmin suna can sama kusa da ɗakin tattabaru. Kuma ba mai zama sai ya sumbaci hannun tsohuwar.

A nan rigimar take farawa kullum, domin Ziyad, ɗan Narmin mai shekara shida, ba ya sumbatar hannun kowa. Ko taɓa shi ba ya so a yi in ba shi ya kawo kansa ba.

"Zo nan, ɗan albarka, gai da Teta," in ji Hajja, wato kaka, ta miƙo hannu daga kan kujerarta.

Ziyad ya tsaya a gabanta kaɗan, idonsa a kan zoben yatsanta, sannan ya wuce gindin taga ya zazzage marafan kwalba daga aljihu ya shiga jera su.

Narmin ta ce, "Mama, ai ya gaishe ki. Kin ga ya tsaya a gabanki kafin ya wuce. Gaisuwarsa ke nan."

"To madalla. Ni ma daga yau haka zan riƙa gaishe ku, in tsaya in wuce."

Midhat ya yi dariya har tumbinsa na taɓa teburi. Shi mutum ne da ba a taɓa kawo wata matsala a gabansa ya rasa maganinta ba, tun daga ciwon ƙoda har rikicin ƙasashen duniya, duk da cewa shagon fentin da ubansu ya bar musu Ashraf ne ke buɗe shi da safe. Ya ce, "Ku ba ni shi mako guda kawai. Wallahi sai ya sumbaci hannu har da ƙafa."

Ashraf ya yi murmushin da yake yi in ba ya son magana, ya ja kwandon gurasa gabansa.

Likita ta daɗe da gaya musu sunan abin da ke damun Ziyad, tawahhud da Larabci. Ta ce haka Allah ya halicce shi, ƙarar da wani zai ji ya wuce, shi sai ta shige masa har cikin ƙashi, kuma magana za ta zo masa a hankali in an yi haƙuri. Narmin ta yi haƙurin. Tana kai shi wurin Malama Riham mai koyar da yara irinsa magana, ta dawo ta maimaita duk abin da aka yi, tana wanke-wanke tana maimaitawa, tana shanya tana maimaitawa. Kalmomin da ya samu ba su kai yatsun hannu biyu ba. Yana cewa ruwa, yana cewa ƙasa, yana cewa sama in wuri ya ishe shi yana so a mai da shi ɗakinsu. A cikin sanyin da ya wuce ne ya ƙara da Baba. Da ya ji makulli a ƙofa sai ya ɗago kai ya faɗe ta, ya je ya hau cinyar Ashraf ya zauna yana juya masa baya. Ranar farko Ashraf sai da ya shiga banɗaki ya yi kuka. Waɗannan 'yan kalmomi su ne duk abin da Narmin ta tara a duniya, kuma ta san da ƙyar suke tsaye.

Ana cikin zuba miyar lalo mai sayar da gas ya shigo layin da amalankensa, yana buga sifana a jikin tukwanen kamar yadda ya saba. Narmin ta ajiye ludayi ta zabura, amma ta makara. Ziyad ya toshe kunnuwa da tafin hannu ya ƙwalla ƙara, ya tashi a guje bai san inda yake nufa ba, ya bangaji teburi. Kwanon miya ya kife a kan rigar Hiba. Narmin ta durƙusa kusa da shi ba ta taɓa shi ba, tana cewa a hankali, "Ya wuce, Ziyad, ya wuce." Shi kuwa sai cewa yake, "Sama, sama."

Hajja ta bi su da kallo har suka kai bakin ƙofa, sannan ta faɗi abin da ta saba faɗa.

"Da an buga masa turmi da duk wannan bai faru ba."

Kowane jariri a unguwar, ranar da ya cika kwana bakwai, sai an yi masa subu'u. A kwantar da shi cikin rariya, yara su zagaya gida da kyandir, a watsa gishiri, kakarsa ta ɗauko ɗan turmin tagulla ta yi ta buga shi da taɓaryarsa a gefen kunnen yaron tana yi masa huɗuba: ka ji maganar uwarka, ka ji maganar ubanka. Wai don ya saba da ƙara, ya tashi da ƙarfin zuciya, ya zama mai jin magana. Ziyad bakwaini ne, ranar bakwai ɗinsa yana cikin kwalba a asibiti, da aka sallamo shi kuma likita ta hana taro. Narmin ta bi maganar likita. Turmin Hajja, wanda ta gada daga uwarta, bai fito daga kabad ba, kuma shekara shida ke nan ba ta yafe ba.

Bayan kwana biyu Narmin ta sauko ita kaɗai. Ta tarar da surukarta tana naɗe shinkafa a ganyen kabeji, sai ta wanke hannu ta zauna tana taya ta. Ta bari sai da tukunya ta kusa cika kafin ta yi magana.

"Mama, ko za ki raka ni wurin Malama Riham sau ɗaya? Ta fi ni iya bayani."

"Da waɗannan gwiwoyin? Ni da ko masallaci ba na iya zuwa."

"To ni bari in faɗa miki. Ba magani nake nema a wurinki ba. In ya shigo a rage talabijin, kar a cafke shi ta baya. In ya toshe kunne a ƙyale shi, zai buɗe da kansa. Ba raina ki yake yi ba, Mama. Wallahi yana sonki, kullum in na ce za mu je wurin Teta shi yake fara zuwa bakin ƙofa."

"Wato gida duka ya koma asibiti saboda yaro ɗaya."

"Jikanki ne."

"Ke za ki gaya mini jikana ne?" Hajja ta ajiye ganyen da ke hannunta, idonta ya ciko. "Namiji na fari a jikokina. Ni na zaɓa masa suna. Kin san yadda nake ji in maƙwabta suka tambaye ni wane aji yake? Na raini yara da jikokin 'yan'uwa ban san adadinsu ba, ban taɓa ganin wanda aka tambaya ko yana so a taɓa shi ba. Ku yaran yanzu komai sai ku sa masa suna ku kai wa likita. Yaro na bukatar hannu mai ƙarfi, shi ke nan."

Da gaske take kukan, abin da ya fi ƙona wa Narmin rai ke nan. Da mugunta ce da ta san yadda za ta tare ta. Ta gama naɗe sauran kabejin ta hau sama.

A makon ne aka gane Hiba na da ciki, bayan 'yan mata biyu da dogon jira. Murna ta cika gida. Hajja ta sa aka manna hoton wani jariri mai kumatu a bangon ɗakin Hiba, domin kowa ya sani abin da mai ciki ta yawaita kallo shi take haifa. Da yamma Hajja ta aika aka kira Ashraf, suka daɗe a ɗaki. Ya hau sama yana shafa ƙeya.

Ya ce wa Narmin, "Mama ta ce ko Ziyad zai ɗan huta da saukowa. Har Hiba ta sauka lafiya."

"Ya huta? Ya ce mata ya gaji ne?"

"Kin san tsofaffi da camfi."

"Na san tsofaffi. Kai nake tambaya. Ɗanka ne aka ce kar mai ciki ta kalla, me ka ce mata?"

"Me zan ce, Narmin? Uwata ce. Wata nawa ne duka? Shi ma ai ya fi samun natsuwa a nan sama."

Ashraf ba mugu ba ne. Shi yake yi wa yaron aski da almakashi yana barci, don injin aski na firgita shi. Shi yake tsinto masa marafan kwalba a hanya, ya wanke su kafin ya kawo. Sai dai tun yana ƙarami bai taɓa iya haɗa ido da uwarsa ya ce a'a ba, kuma aure da gemu ba su canja wannan ba.

Daga nan Juma'a ta zama ranar da Narmin ta fi tsana. Ziyad ya san ranar, domin yaro ne da ba ya manta tsari. Da ya ji an idar da salla sai ya cika aljihu da marafansa ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Ƙasa." Ashraf ya ratsa ta gefensa ya sauka shi kaɗai. Can sai ɗaya daga 'yan matan Hiba ta hauro da kwano a rufe, ta ajiye a bakin matakala ta gudu. Yaron ya yi ta cewa ƙasa, ƙasa, har muryarsa ta dishe, sannan ya koma cizon bayan hannunsa. Kafin cikin Hiba ya fito sosai, bayan hannun nan ya yi kanta. In za su tafi wurin Malama Riham kuwa, sai Narmin ta leƙa ta tabbatar ƙofar tsakiya a rufe take, sannan su wuce da sauri kamar masu sata.

Wata rana suka yi kiciɓis da Hiba a matakala. Faccalar tata ta ja gyale ta kare fuska, ta juya ga bango har suka wuce. Daga baya ta kira Narmin a waya, daga hawa ɗaya zuwa ɗaya.

"Ummu Ziyad, don Allah kar ki riƙe ni. Ni ban yarda da wannan abin ba. Amma in wani abu ya faru kin san ni za a ce."

Narmin ta ce ta sani. Ta ajiye wayar ta zauna a ƙasan kicin, ta rasa wanda za ta ji haushi, domin kowa a gidan yana da uzurinsa a shirye, kuma duk uzurin a kan yaro ɗaya yake sauka.

Hiba ta haifi namiji. Washegarin dawowarta daga asibiti Narmin ta ji ana hawowa a hankali, ana hutawa, ana nishi. Ta buɗe ƙofa ta ga Hajja ce, riƙe da ƙarfen matakala, da leda a hannu. Rabon tsohuwar da hawan nan tun Ziyad na goye.

"Ba za ki ba ni kujera ba?" in ji Hajja tana haki.

Ta zauna ta buɗe ledar. Farar jallabiya ce ƙarama, da kyandir mai ado.

"Na Ziyad ne. Zai riƙe kyandir tare da yara ranar subu'u. Shi ne babban wa, ba za a yi ba shi ba. Abin da ya wuce ya wuce."

Narmin ta karɓi jallabiyar. Watanni tana shirya maganganun da za ta gaya wa matar nan, duk suka zube. Ta kama hannunta ta sumbata. Amma ba ta manta ba, ta ce, "Mama, sai dai turmin. Ba zai iya ba. Kafin a fara bugawa Ashraf zai hau da shi wurin tattabaru, in an gama su sauko."

"Duk yadda kika ce."

"Ki yi mini alkawari."

"Na ce duk yadda kika ce, 'yata. Sai na rantse?"

Kwanakin da suka rage Narmin ta ƙarar da su a kan kyandir ɗin nan. Ta fara ba shi a kashe, ya riƙe suna zagaya falo. Sannan ta kunna. Ya tsaya yana kallon harshen wutar, ba ya ko ƙifta ido, can ya ce, "Wuta." Ba wanda ya koya masa. Ta kira Malama Riham tana dariya tana hawaye, da Ashraf ya dawo kuma ta tare shi da labarin tun bai cire takalmi ba. Ya ce madalla, ya ɗauki yaron ya ɗora a cinya, ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. A 'yan kwanakin Ashraf ya rage magana, yana kuma yawan tsayawa a ɗakin uwarsa in ya taso daga shago. Narmin ta ɗauka hidimar biki ce.

Ranar subu'u bayan la'asar falon Hajja ya cika da mata da yara. An kwantar da jariri a rariya mai ado. Ziyad ya sauko da farar jallabiyarsa, karo na farko tun watanni, ya tsaya a gaban kakarsa kaɗan kamar yadda ya saba, ita kuma ba ta miƙa hannu ba, sai ta ce, "Sannu da zuwa, ango." Aka kunna kyandira, yara suka jeru suna waƙa. Narmin ta ga kafaɗunsa sun ɗaga saboda hayaniyar, amma idonsa na kan wutarsa, ya bi bayan layin a hankali har suka zagayo. Wata maƙwabciya ta ce, "Wannan ne Ziyad? Tubarkalla, ya girma." Narmin ta ji kamar ta taka rawa.

Hajja ta yafito ta. "Ummu Ziyad, ledojin gyaɗa da alewar yara suna ɗakinki, ko? Je ki kwaso, yanzu za su fara tambaya."

Gaskiya ne, a ɗakinta aka ƙulla su. Ta nemo Ashraf da ido, ta ce masa, "Yanzu ne. Ka hau da shi."

Ya ce, "Je ki, ga mu nan bayanki."

Tana sama tana tura ledoji cikin buhu ta ji turmin ya fara. Ƙara ce siririya mai huda kai, ko a hawa na uku sai da ta ji ta a haƙoranta. Ta saurara ko za ta ji takunsu a matakala, ba ta ji ba. Abin da ta ji muryar Hajja ce tana tashi a kan guɗar mata, kuma ba sunan jaririn take kira ba.

"Ka ji maganar ubanka, Ziyad. Ka ji maganar kakarka, Ziyad."

Ba ta san yadda ta sauko ba. Buhun ya fashe a matakala, gyaɗa ta bi ta tana gangarowa. Ta ture matan da suka tare ƙofa.

Ashraf ne zaune a tsakiyar falo, Ziyad a kan cinyarsa, a wurin da yaron ya fi yarda da shi a duniya. Ya zagaye shi da hannuwa ya danne hannuwan yaron a ƙirji don kada ya toshe kunne. Midhat ya durƙusa ya riƙe ƙafafu. Hajja ta sunkuya da turmin dab da kunnensa na dama tana bugawa da duk ƙarfin da ya rage mata, gumi na zuba, fuskarta cike da imani. Matan suna tafi, wata tana watsa gishiri. Kyandir ɗin na ƙasa an taka shi.

Yaron yana banƙarewa, jijiyoyin wuyansa sun fito, yana cewa, "Baba, sama. Baba, sama." Mutumin da ke danne da shi yake roƙo ya zo ya cece shi. Ashraf ya rufe ido, ya ƙara matsewa.

"Saura ɗaya kunnen," in ji Midhat. "Ku riƙe ta."

Mata biyu suka kama Narmin ta kafaɗa suna cewa ki yi haƙuri, don amfaninsa ne, yanzu za a gama. Ta fizge har gyalenta ya zauna a hannun ɗaya. Kafin ta kai gare shi kiran ya tsaya. Ba a hankali ya tsaya ba, ɗif ya ɗauke. Jikin yaron ya saki, farar jallabiyar ta jiƙe daga gaba, fitsari ya bi wandon Ashraf. Ta ɗauke shi, bai taimaka mata ba bai kuma hana ta ba. Tana hawa da shi ta ji Hajja a bayanta tana cewa, "Alhamdu lillahi, an sauke nauyi. A kawo jaririn."

Ashraf ya hauro bayan magariba. Ta kwantar da yaron, idonsa a buɗe yana kallon bango.

"Narmin, ki saurare ni. Kullum sai ta yi mini kuka. Na ce a yi sau ɗaya a huta, in bai yi amfani ba ta daina zancen har abada, ta karɓe shi yadda yake. Don ku na yi. Ai ni ma an buga mini, ga ni ban mutu ba."

"Ka ji abin da yake cewa?"

Ya juya ya nufi baranda.

"Ina tambayarka, Abu Ziyad. Ka ji wanda yake kira?"

Ya fita baranda ya kunna taba.

Washegari Ziyad bai ce ruwa ba. Ta riƙe kofin a gabansa tana jira kamar yadda Malama Riham ta koya mata, ya kalli kofin har ta kasa jurewa ta ba shi. Ta kunna kyandir, ya kau da kai. Marafan kwalba suna cikin gwangwaninsu ba wanda ya taɓa. Da yamma makulli ya yi motsi a ƙofa, sai ya sauka daga kujera ya rarrafa ƙarƙashin teburi, bai fito ba sai da ubansa ya shiga ɗaki ya rufe. Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Malama Riham ta gwada duk dabarunta, daga ƙarshe ta ce wa Narmin wasu yaran suna dawowa, wasu suna daɗewa, ita ba za ta yi alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Narmin ta riƙe hannun ɗanta suka taho gida a ƙasa, tana jin baƙin cikin da ba ta taɓa jin irinsa ba, domin ta san wahalar da kowace kalma ta ci kafin ta fito.

Bayan 'yan makonni Hajja ta aiko cewa Juma'ar nan kowa zai sauko, har da Ziyad. Narmin ta sa masa riga ta sauko da shi. So take su gani.

Ya shiga bai tsaya a gaban kowa ba. Hajja ta jawo shi ta kafaɗa, ta kai bayan hannunta bakinsa ta manna. Bai kauce ba. Aka zaunar da shi a kujera ya zauna. Ana cikin ci mai gas ya shigo layi da sifanarsa. Kowa ya tsaya da cokali a hannu yana kallon yaron. Bai yi ƙara ba, bai tashi ba. Narmin da ke gefensa ita kaɗai ta ga farcensa sun nutse cikin cinyarsa a ƙarƙashin mayafin teburi.

Hajja ta ɗaga hannuwa sama. "Kun gani? Kun gani da idonku? Shekara shida ana kai wa likitoci, ga shi yamma ɗaya ta gama aiki. Yaro ya natsu."

"Na faɗa tun farko," in ji Midhat. Hiba ta sunkuyar da kai ga jaririnta.

Narmin ta ajiye cokali. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Tunda ya warke, Abu Ziyad, kira shi. Ka ce ya gaya wa mutane ko kai wane ne."

"Narmin, ba yanzu ba."

"Yanzu. Mama na son ta ji."

"Kira shi mana," in ji Hajja da fara'a. "Ai yanzu yana jin magana."

Ashraf ya share baki. Ya juyo ya sassauta murya. "Ziyad. Ziyad, wane ne wannan? Ce Baba."

Yaron ya zame daga kan kujera kamar rigar da ta faɗo daga igiya, ya shige ƙarƙashin teburi.

Hajja ta ce kunya ce, a ba shi lokaci, ai ba a rana ɗaya ake komai ba. Narmin ta miƙe. Ta ture kujerarta baya, ta durƙusa a gaban surukarta da yayan mijinta, ta ɗaga mayafin ta shiga wurin ɗanta. Ta zauna a tsakanin ƙafafun mutane, kusa da shi, ba ta taɓa shi ba.

A saman teburi cokula suka ci gaba. Can sai ta ga hannun Ashraf ya leƙo ta ƙasan mayafin, da murfin kwalba ja a tafinsa, wankakke. Ziyad ya kalli hannun, ya ɗaga nasa biyu ya toshe kunnuwa.

Hannun ya daɗe a miƙe. Hajja kuwa tana gaya wa Hiba cewa matar mai gurasa ta ji labari, ta aiko a ara mata turmin ranar Talata, ita ma tana da jika irinsa.